Kunne Ya Girmi Alƙalami: Gyaran Koyon Turanci a Makarantun Sakandare

Gabatarwa

Hausawa na cewa kunne ya girmi kaka. A kan tarihi aka yi wannan karin magana, amma ta dace da sha'anin koyon harshe ƙwarai, domin babu ɗan Adam da ya fara rubutu kafin ya fara ji. Jariri yakan yi kusan shekara guda yana sauraron mutanen gidansu kafin ya furta kalmar farko, sa'an nan ya yi shekaru yana magana kafin a miƙa masa allo da alƙalami. To amma idan aka leƙa ajin Turanci a yawancin makarantun sakandare na karkara, irin waɗanda 'ya'yan Liba da sauran garuruwan Maiyama da Jega da Aliero ke zuwa, sai a tarar an kifar da wannan tsari. Malami zai cika allo da dokokin nahawu, ɗalibai su kwafe, a buga ƙararrawa, kowa ya kama gabansa. Da wuya a ware ko minti goma domin kunnen ɗalibi ya sha Turanci mai ma'ana, da wuya kuma a ɗora masa littafin labari a hannu ya karanta don jin daɗi.

Abin da wannan maƙala ke son tabbatarwa shi ne, sauraro da karatu mai yawa a kowace rana su ne ginshiƙin koyon Turanci, nahawu kuwa yaɓe ne da ake yi bayan gini ya tsaya.

Inda Gizo Ke Saƙa

An ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, aka kuma kafa Jami'ar Kimiyya da Fasaha a Aliero a 2006. Yaron da ya tashi a Liba yanzu yana da jami'a kusa da gida, abin da iyayensa ba su samu ba. Sai dai kusancin ƙasa bai wadatar ba. Ba a ɗaukar ɗalibi karatun digiri sai yana da kiredit a Turanci a jarrabawar WAEC ko NECO ko makamantansu, kuma a jarrabawar JAMB tambayoyi 60 daga cikin 180 na Turanci ne. Daɗin daɗawa, sauran darussan ma da Turanci ake tambayarsu. Ɗan manomin da ya san rayuwar albasa tun daga iri har zuwa rumfar ajiya yana iya faɗuwa tambaya a kan tsiro, saboda kalma guda a cikin tambayar ta sha masa kai. A nan harshe ne ya kayar da shi, ilimin yana nan a kansa.

Wanda ya yi sa'a ya shiga jami'a kuwa, wani sabon dutse zai tarar. Malamin jami'a ba ya rubuta duk abin da ya faɗa a allo. Zai yi sa'a ɗaya ko biyu yana bayani, wataƙila da karin harshen Ibadan ko na Inugu ko na Indiya, ɗalibi kuma ya saurara, ya tsinci muhimman batutuwa, ya rubuta, duk a lokaci guda. Wanda bai taɓa horar da kunnensa ba zai fito da takarda fara, komai kaifin basirarsa.

Abin da Kimiyya ta Gano Game da Kunne

A 1984 wasu masana a ƙasar Kanada, Janet Werker da Richard Tees, sun buga sakamakon gwajin da suka yi da jariran gidajen da ake magana da Turanci. Sun riƙa jiyar da su sautukan da babu su a Turanci, ciki har da na Indiyanci. Jarirai 'yan wata 6 zuwa 8 sun iya rarrabe sautukan, amma 'yan wata 10 zuwa 12 yawancinsu sun kasa. Ma'ana, tun kafin yaro ya shekara, ƙwaƙwalwarsa ta fara tace sautuka, tana riƙe waɗanda ake amfani da su a gida, tana watsi da saura.

Wannan ne ya sa Bature ke shan wahala kafin ya ji bambancin "kafa" da "ƙafa", ko "baki" da "baƙi", ko garin da ake zama da garin da ake tuwo. Shi ne kuma ya sa Bahaushe ke shan irin wannan wahala da Turanci. Hausa na da wasula biyar, kowane da gajere da dogo, sai tagwan wasali biyu, wato "ai" da "au". Turancin Ingila da ake koyarwa kuwa yana da sautuka 44, wato baƙaƙe 24 da wasula 20, duk ana rubuta su da haruffa 26 kacal. Hausa ba ta raba sautin "p" da na "f", saboda haka "pan" da "fan" sukan zo wa kunne kamar abu guda. A Hausar yamma ma, wadda ake yi a Kebbi da Sakkwato, "tafi" yakan koma "tahi". Haka "vote" da "boat", ko "think" da "sink", ko "cut" da "cot". Har ila yau Hausa ba ta son baƙaƙe su cunkushe a farkon kalma, shi ya sa "bread" ya zama burodi, "driver" ya zama direba, "glass" ya zama gilashi.

Duk wannan ba aibu ba ne, haka Allah ya yi ƙwaƙwalwa, kuma gyara yana yiwuwa. A 1991 masu bincike a Jami'ar Indiyana ta Amurka sun gwada manyan mutane 'yan Japan, waɗanda harshensu bai raba "r" da "l" ba. Sun yi 'yan makonni suna jiyar da su kalmomi masu waɗannan sautuka daga bakin mutane daban-daban, ana gaya musu ko sun dace ko sun kuskure. Kunnensu ya ƙaru, har suka iya rarrabe sautukan a kalmomin da ba a horar da su a kansu ba. Darasin da ke ciki shi ne, kunne yana buɗewa da yawan ji, musamman idan muryoyin sun bambanta.

Mutanen wannan yanki ma shaidu ne. Ɗan kasuwar Jega yakan tsinci Zabarmanci da Fulatanci ba tare da ya taɓa ganin littafin nahawunsu ba, mai safarar albasa daga Aliero zuwa kudu kuma yakan dawo da Yarbancin ciniki a bakinsa. A makarantar allo ma sai malam ya biya, almajiri ya ji ya maimaita, kafin a bar shi da allonsa.

Karatu Ninki Ne

Wani zai ce, ai jarrabawa a rubuce take, ina ruwan karatu da kunne? Amsar tana cikin wani lissafi mai sauƙi da Philip Gough da William Tunmer suka gabatar a 1986. A wurinsu fahimtar rubutu tana fitowa ne idan aka ninka abu biyu: iya haɗa baƙi, wato mayar da haruffa su zama sauti, da kuma fahimtar harshen idan an ji shi. Ɗalibin lissafi ya san cewa kowace lamba aka ninka da sifili, sifili za a samu. Ke nan ɗalibin da zai iya karanta shafi guda da ƙarfi babu tuntuɓe, amma da za a karanta masa shafin ba zai gane ba, bai karanta komai ba, ƙara kawai ya yi. Malamai da yawa sun san irin wannan ɗalibi, wanda zai karanta labari tiryan-tiryan, a tambaye shi wa ya yi me, ya sunkuyar da kai.

Rubutun Turanci kuma ba ya bin furuci sau da ƙafa kamar na Hausa. Kalmomin "though" da "through" da "tough" da "cough" da haruffa huɗu iri ɗaya suka ƙare, amma kowace da furucinta. Wanda bai taɓa jin su ba zai ƙirƙiro nasa furucin, ranar da ya ji su a bakin wani kuma ba zai gane tsofaffin abokansa ba ne.

Sai batun yawan kalmomi. Masanin harshe Paul Nation na ƙasar Niyu Zilan ya nuna a 2006 cewa mai karatu yana buƙatar sanin kimanin kashi 98 cikin 100 na kalmomin da ke gabansa kafin ya fahimta ba da taimako ba. Ya ƙiyasta cewa hakan na buƙatar tushen kalmomi 8,000 zuwa 9,000 don karanta jarida ko littafin labari, da 6,000 zuwa 7,000 don fahimtar magana. A shafi mai kalmomi 300, kashi 98 na nufin baƙin kalmomi shida. Idan sanin ɗalibi ya tsaya a kashi 90, baƙin kalmomin sun zama 30, karatun ya koma tafiya cikin ƙaya. Babu malamin da zai iya rubuta kalmomi 8,000 a allo ya bayyana su ɗaya bayan ɗaya. Hanyar da ta rage ita ce ɗalibi ya yi ta cin karo da su a cikin labarai masu sauƙi, yau da gobe, har su zauna.

Ambaliyar Littattafai a Fiji

An gwada wannan hanya a wuri mai kama da karkarar Kebbi. A tsibiran Fiji, inda yara ke magana da harshensu a gida su tarar da Turanci a makaranta, Warwick Elley da Francis Mangubhai sun zaɓi makarantun ƙauye takwas masu ƙarancin littattafai, da ɗalibai 380 'yan aji huɗu da biyar na firamare. Aka kawo littattafan labari 250 masu hotuna da daɗin karatu. Wasu azuzuwan malami ya riƙa karantawa tare da yara, wasu kuma aka bar kowa ya yi karatun zuci. Sakamakon da aka buga a 1983 ya nuna cewa bayan wata takwas waɗannan yara sun ci gaba a fahimtar karatu da ta sauraro ninki biyu na yadda aka saba. Ba a gina sabon aji ba, ba a jawo lantarki ba. Littattafai da lokaci ne kawai aka ƙara.

Darasi Daga Ƙasar Sin

Ƙasar Sin ta fi Nijeriya nisa da Turanci, domin harshenta ba ya amfani da haruffan boko, kuma ba da Turanci ake mulki ko ciniki ba. Duk da haka a 1982 gidan talabijin na ƙasar ya fara nuna shirin koyon Turanci na BBC mai suna Follow Me, miliyoyin mutane suka riƙa binsa. A 2001 aka ba da umarnin fara koyar da Turanci tun daga aji uku na firamare. Sinawa sun ɗanɗana irin ciwon da ake fama da shi a nan, har suka raɗa masa suna "Turancin bebe", wato na ɗalibin da ya haddace nahawu amma ba ya ji, ba ya iya mayar da magana.

Ɗaya daga cikin magungunan da suka nema shi ne sanya sauraro a cikin jarrabawar shiga jami'a da ake kira Gaokao, wadda aka maido da ita a 1977, wadda kuma ɗalibai fiye da miliyan 13 suka yi rajistarta a 2024. A takardar Turanci ta ƙasa, maki 30 daga cikin 150 na sauraro ne, kuma larduna da yawa suna lissafa su a sakamako. Ana kunna muryoyi a ɗakin jarrabawa, ɗalibi ya ji hira ko sanarwa ya amsa tambayoyi, har akan hana direbobi danna oda a kusa da cibiyoyin. Ba a ce wannan ya warware komai ba, domin sauraron ma yana iya komawa horon cin jarrabawa. Amma ya tilasta wa makarantu ware wa kunne lokaci, tun da kowa ya san abin da ake aunawa shi ake koyarwa.

A nan gida, takarda ta uku ta Turancin WAEC ita ce ta furuci, mai tambayoyi 60 cikin minti 45. A Gana da Gambiya da Saliyo an tsara ta a matsayin jarrabawar sauraro, ana kunna murya ɗalibai su ji. A Nijeriya da Laberiya kuwa, shekara da shekaru da ido ake amsa ta: a ja layi ƙarƙashin harafi, a ce ɗalibi ya zaɓi kalmar da ke da sauti irinsa. Sakamakon haka shi ne ɗalibai suna haddace alamomin sauti kamar jadawalin lissafi, wasu har su ci maki a kan sautin da kunnensu bai taɓa ji ba. Wannan daidai yake da a gwada iya iyo a kan tudu.

Uzurorin da Ake Kawowa

Uzuri na farko shi ne rashin kayan aiki da lantarki. A da, da ake buƙatar rikoda da kaset da batura, uzurin yana da ƙarfi. Yanzu wayar hannu guda da ƙaramar lasifika mai caji da hasken rana sun ishi aji. Ana sauke shiri sau ɗaya a inda akwai intanet, a zuba a memori, a yi ta amfani da shi har zango ya ƙare. BBC ta fara koyar da Turanci ta rediyo tun 1943, Muryar Amurka kuma ta ɓullo da shirin labarai cikin sassauƙan Turanci a 1959, mai amfani da kalmomi kimanin 1,500 da magana a hankali. Al'ummar da ta riƙe Sashen Hausa na BBC tun 1957 ba sai an koya mata darajar rediyo ba. Ko babu waya ma, muryar malami tana nan.

Na biyu, wasu malamai suna jin nauyin karantawa da ƙarfi, wai furucinsu bai kai na Bature ba. Ɗalibin Liba ba Landan za shi ba tukuna. Turancin da zai fara buƙata shi ne na malamin jami'a da likita da ma'aikacin banki a Nijeriya. Murya mai fita sarai ta wadatar, muryoyin waya kuma su cike sauran.

Na uku, ana cewa manhaja ta yi yawa, babu lokaci. A yi lissafi. Minti 15 a rana, kwana biyar a mako, mako 36 a shekara, ya ba da sa'a 45. A shekaru shida na sakandare ya zama sa'a 270 na sauraro. Ɗalibin da ke karanta kalmomi 100 a minti, idan ya yi minti 20 kullum na kwana 180, ya haɗu da kalmomi 360,000 a shekara guda. Tun 1885 Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan koyo, kuma maimaici a rarrabe ya fi na lokaci guda zama a kai. Manomin albasa ya riga ya san haka: ba a tara ruwan wata guda a kwarara wa fangali rana ɗaya.

Na huɗu shi ne tsoron kada Turanci ya kashe Hausa. Wannan damuwa ce mai tushe, amma shaida tana kwantar da hankali. A gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, an koyar da yara da Yarbanci tsawon shekaru shida na firamare, Turanci yana darasi mai zaman kansa, kuma ba su gaza takwarorinsu a Turancin ba. Ɗalibin da ya saba cinye littafin Hausa a dare biyu ya riga ya mallaki ɗabi'ar karatu, abin da ya rage shi ne a ba shi na Turanci daidai ƙarfinsa.

Abin da Ya Kamata a Yi

Ga malamai, abu na farko shi ne a buɗe darasi da sauraro. A jiyar da ɗalibai gajeren labari sau biyu littattafai a rufe, a yi musu tambaya uku ko huɗu, sa'an nan a ba su rubutun su bi da ido a ji na uku. Na biyu, a farfaɗo da shifta ko sau ɗaya a mako, domin ita ce ke ɗaure kunne da hannu. Na uku, malaman kimiyya su ma su shigo: kafin a rubuta sabuwar kalma a allo, a furta ta, aji ya maimaita, a bayyana ta da Hausa.

Ga shugabannin makarantu da ƙungiyoyin iyaye da malamai, akwatin ƙarfe guda mai littattafai 50 a kowane aji ya fi laburaren da ke kulle. A fara da labaran da duniyarsu ba baƙuwa ba ce ga yaro, irin su The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi da aka buga a 1960, da Chike and the River na Chinua Achebe na 1966, da The Stillborn na Zaynab Alkali na 1984 ga manyan azuzuwa. Tsofaffin ɗalibai da ke aiki a Birnin Kebbi ko Abuja za su iya cika akwati guda da kuɗin da bai kai na ragon suna ba.

Ga ɗalibi, ma'aunin zaɓen littafi mai sauƙi ne. Ya buɗe shafi ɗaya ya karanta, idan baƙin kalmomi sun wuce biyar ko shida, ya ajiye ya ɗauki wanda ya fi sauƙi, babu kunya a ciki. Kada ya tsaya duba ƙamus a kowane layi. Ya kuma sami aboki su riƙa karanta wa juna, ɗaya na karantawa ɗaya na ba da labarin abin da ya ji.

Jami'ar Aliero da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu suna da rawar takawa. Malamansu da ɗalibansu za su iya rubuta gajerun bayanai a kan noman albasa da shinkafa, da zazzaɓin sauro, da kusufin wata, su naɗe su da muryoyi daban-daban, a rarraba wa makarantu kyauta, gidan rediyon jiha kuma ya ware musu fili. Hukumomin jarrabawa su ma lokaci ya yi da za su sa murya a takardar furuci. Ƙasar da ta iya mayar da jarrabawar JAMB kan kwamfuta tun 2015 ba za ta kasa kunna lasifika ba.

Kammalawa

Raunin Turanci a makarantun karkara ba daga ƙwaƙwalwar yara yake ba. Yaron da ya tashi yana jin harsuna biyu ko uku a kasuwa ya riga ya nuna yana da kunnen koyon harshe. Abin da aka hana shi shi ne ya ji Turanci da yawa, ya kuma karanta da yawa, daidai gwargwadon fahimtarsa. Gyaran tsarin jarrabawa zai ɗauki lokaci, amma minti 15 na safiyar gobe yana hannun malamin aji da ɗalibansa. Da yayyafi kogi kan cika.